Haddar Yaya Sule

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma abin da kunnena ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Tun ina yarinya a Samaru haka nake.

Yayana Sule kuwa ɗan midil ne, ga shi da in'ina. An ba su haddar Turanci, ya yi ta maimaitawa a bayan ɗaki har miyansa ya ƙafe, ni ina gefe ina surfe.

Ran nan da la'asar Baba na zaune a zaure yana fere rake, ya ce, "Sule, karanto mana abin nan na makaranta mu ji."

Yaya ya miƙe, ya haɗa ƙafafu yadda suke yi gaban malami. Ya fara lafiya lau, sai wata kalma ta maƙale masa. Leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ni kuwa sai na karɓe. Na zubo ta tas har ƙarshe, har da kaɗa kai.

Baba ya yi dariya, ya miƙo mini raken da ya fere wa Yaya. "Kai, Ladi! Da ke ce namijin, da na huta."

Wallahi na shanye raken nan, ya kuma yi mini zaƙi. Yaya na nan tsaye, ba wanda ya ce masa ya zauna.

Bai ƙarasa midil ba, ɗinki ya koya a Sabon Gari. Har ya rasu bai taɓa tada mini zancen ba. Haddar tana kaina har yau, ban san ma'anar kalma ɗaya ba, kuma na hana jikokina su fassara mini.