Harafi Goma Sha Shida

Tun ranar Asabar Mushe Ashiru Abdulmalik (Mushe shi ne laƙabin malamin boko a Nijar) bai zauna wuri ɗaya ba. Sau uku ya je wurin tela a kan riga guda. Ya sa an share ƙofar gidansa, ya fito ya duba, ya karɓi tsintsiyar ya sake sharewa da kansa.

Waya ce ta jawo duk wannan. Raihana, wadda ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, nan Dogon Dutsi shekara ashirin da biyar da suka wuce, yanzu tana aikin duba sararin sama a ƙasar Chili. Ta gano wani dutse cikin duwatsun da ke zagaye rana. A ƙa'idar masanan, da fari lamba kawai ake ba dutse. Sai an tabbatar da hanyarsa sannan a ce wanda ya gano shi ya kawo suna, kwamiti ya duba, a buga tare da ɗan bayanin mai sunan. Daga nan ya zauna ke nan har abada.

"Mushe, suna ya wuce," in ji ta. "Laraba takarda za ta hito, in turo maka ga salula. Ka hwassara ta da Hausa, ka karanta da ƙarhi ƙohwar gidanka, da hantsi."

"Sunan wa?"

"Wanda kas sani sarai," ta ce, tana dariya.

To, wa kuma zai zama? Shi ya ara mata littafin taurari tana aji biyar. Shi ya je har shagon Alhaji Inusa, wanda yake riƙonta, ya hana a cire ta daga karatu. Ya tuna yadda take dawowa daga hutun damina baki cike da sunayen taurari, shi kuma yana yaba wa littafinsa a ransa.

Ta taɓa gaya masa sharuɗɗan: ba a sa ɗan siyasa sai ya shekara ɗari da mutuwa, suna kuma kada ya wuce harafi goma sha shida. Mushe ya ƙirga nasa da yatsu. Ashiru shida, Abdulmalik goma. Cif! Ya sake ƙirgawa a kan hanyar masallaci, ya sake a wurin mai shayi, har mai shayin ya tambaye shi ko tasbihi yake yi.

Kada a yi masa dariya da yawa. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ke cin ransa tun da ya ajiye alli shi ne ranar da za a rufe shi, sunansa ma a rufe da shi. Yana tsoron wannan ƙwarai, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Ya sanar da liman, ya sanar da tsofaffin malamai. Har Hure ba ta tsira ba, Bafillatanar rugar hanyar Matankari da ke kawo masa nono kullum da hantsi shekara da shekaru.

"Hure, kin san Raihana ta gidan Alhaji Inusa?"

Ta kau da kai, ta shiga gyara faifai a kan ƙwarya. Haka take yi duk sa'ad da ya ambaci yarinyar, shi kuma ya daɗe da yanke cewa mutanen daji ba ruwansu da karatu.

"Kaza da ɗiyanta sun ɓace ga sama, Mushe," ta ce. "Ruwa ya kusa. A gyara rufin ɗaki."

"Ni ina maganar ilimi, ke kina maganar kaji!"

Ta zuba masa nono, ta ɗora curin man shanu wanda bai ce a ba shi ba. Har ta ɗauki kaya, sai ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Wagga da kake hwaɗi, tana dai cin abinci can?"

"Tana ci," ya ce, hankalinsa na wurin tela.

Laraba ta zo. An shimfiɗa tabarmi, mutane sun cika su. Mushe na kai da komo cikin sabuwar riga, yana duba salula, wayarsa ta hannu, yana ɗaga ta sama ko saƙo zai fi saurin shiga. Rana ta ɗaga. Hure ta iso, ta ga taro, ta sauke ƙwaryarta can gefen katanga tana jiran a watse.

Salula ta yi ƙara.

"Saƙon Raihana!" ya ce, ya gyara tabarau. A gefen katanga Hure ta juya wa taron baya.

Ya karanta lambar dutsen. Sai ya tsaya. Sunan bai kai harafi goma sha shida ba, ko kusa. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake dubawa. Liman ya ce, "Muna saurare, Mushe." Shekara talatin yana karanta wa mutane abin da ba su iya karantawa ba, bai taɓa sauya ko kalma ba. Ya ɗaga murya yadda za ta kai katanga.

"Hure. Mai tallar nono a Dogon Dutsi, wadda ta san taurarin makiyaya duka, ta koya wa mai gano dutsen sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Suna guda ne ba ta taɓa faɗa ba, na ita Raihana, saboda kunyar 'yar fari."