Ƙwarya Guda ta 'Ya'yan Kifi

To, kai da ka zo mini fuska a murtuke, wai ka karanci kimiyyar teku amma masunta sun mai da kai abin dariya, gyara zama ka ji. An yi wata malama mai irin karatun nan naka da aka tura wani ƙauyen masunta, can inda kogi ke zuba cikin teku. Mutanen sun gano gidan sauron da ake raba musu ya fi kowane taru kamu, don ko ɗan kifin da bai kai farce ba ba ya tsira. Su kwaso, su shanya, su watsa wa kaji. Kamu ya yi ta ja da baya, har wasu gidaje suka fara ɗaure kaya za su bar garin da aka binne cibiyarsu. Baiwar Allah ta tara su, ta yi bayanin illar kwashe 'ya'yan kifi har muryarta ta dushe. Sarkin ruwa ya kece da dariya ya ce, "'Yata, kin taɓa jin an ƙarar da teku da ludayi?" Wallahi ranar sai da ta yi hawaye.

Sai ta bar wa'azi. Ta roƙi ƙwarya guda ta 'ya'yan kifin nan tun suna motsi, ta killace wani lungun ruwa da asabari, ta zuba su, tana ba su dusa safe da yamma. Kowa ya wuce sai ya tsokane ta, "Uwar marayu, ya yaran?" Ta ce suna gaisuwa. Da kifayen suka ƙosa, ta gayyato sarkin ruwa ya ja taru da hannunsa. Ya ja, ya ja, ina! Sai da ƙarti suka kama masa. Ga karfasa nan tiƙa-tiƙa suna tsalle a kan yashi. Dattijo ya riƙe baki ya ce, "Ashe wannan muke ba kaji!" Mata suka rangaɗa guɗa. Gidan sauro ya koma kan gado, masu ɗaure kaya suka kwance, kuma sarkin ruwan da kansa ya riƙa kai ta ƙauyukan maƙwabta a kwalekwalensa.

Don haka tashi ka koma, ka nemi taka ƙwaryar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.