Malamin Aji Uku

"Ko aji shida kunka ba ni, da hannu guda za ni riƙe shi," in ji sabon malami, ranar da ya sauka daga mashin a firamaren Tungar Maje, can bayan Tsamaye.

Hedimasta Muntaka bai yi musu ba. Wata huɗu ke nan aji uku ba mai shiga, tun da malaminsu ya ce hanya ta ɓaci ya koma Sakkwato. Duk wanda aka kira ya riƙe ajin na wucin gadi, da ya ji sunan garin sai waya ta mutu. Wannan kuwa, sati guda da aika saƙo, ga shi da ƙafarsa, da takardar NCE sabuwa a leda. Muntaka ya dubi hatimi, bai dubi saura ba, ya miƙo rajista. Mutumin ya zauna ya rubuta Hafizullahi Na'Allah, harafi bayan harafi, kamar mai shuka gero.

Hannu gudan nan dai tun ranar farko ya ba shi kunya. Alli uku ya karya kafin ƙarfe tara. Rigar da ke jikinsa ma ta yi masa tsawo, sai ya naɗe hannunta yake kai wa allo.

Amma yana da littafi. Littafin tsara darasi ne mai koren bango, rubutun ciki tsaf kamar na inji. Kullum zai buɗe shafi ɗaya, ya bi da yatsa, ya kwafe a allo, yara su maimaita. Rubutun allo kam, kaji ma sun fi shi tsari. Wani malami ya nemi aron littafin, ya ce a'a, ya tura shi cikin riga.

Yara suka so shi. Ba ya duka. In suka ce "Ina kwana, Malam Hafizu", sai ya yi kamar bai ji ba, su sake faɗa da ƙarfi, sannan ya juya wajen taga ya amsa. Suka ɗauka wasa ne, suka mai da shi waƙa.

A sati na shida littafi ya ƙare. Shafin ƙarshe an rubuta "Rabawa" an ja layi, ƙasa babu komai. Ya daɗe yana kallon farar takardar. Washegari ya koma shafin farko. Aji uku suka sake tilo da jam'i har suna rera wa awaki.

Ranar Laraba Malama Saude, mai duba makarantu, ta iso ba sanarwa. Ta shiga aji uku da hedimasta da dattawan ƙungiyar iyaye. Sauran malamai suka cika tagogi.

Ta karɓi littafin kafin ya ɓoye. Ta yaba rubutun. Sai ta lura kwanan watan na bara ne, makarantar da ke kai kuma ta Bafarawa, inda ɗaliban malanta ke koyarwar gwaji.

"Ba komai," ta ce. "Malam, raba muna tamanin da huɗu gida huɗu."

Ya ɗauki alli. Ya rubuta takwas. Ya rubuta huɗu. Ya tsaya. Ana jin kukan akuya daga bayan masallaci.

Saude ta buɗe fayil, ta dubi takarda, ta dube shi.

"Nan an ce shekarunka ashirin da huɗu."

Wani dattijo ya yi dariya, ya haɗiye ta. Muntaka ya buɗe rajistar malamai.

Mutumin ya ajiye allin a hankali. Ya cire hula. Furfura ce fat. Ya dubi yaran, sannan ya dubi rajistar da ke hannun hedimasta.

"Ranki shi daɗe, a yi mini abin da doka ta ce. Abu guda nika roƙo, kada a goge sunan nan."

"Kai wane ne?"

"Na'Allah nike, manomi. Wata bakwai ɗana Hafizu yay yi yana yawon makarantu, Isa, Bafarawa, Sabon Birni, ko aji guda a ba shi shi riƙe. Hanyar Isa anka tare motarsu, anka kashe shi. Saƙonku ya shigo wayarshi kwana ukku bayan mun rufe shi."