Filomina da Ƙanwarta a Tsakiyar Kogi

Masu ganin cewa karatun Lahadi iyakarsa bakin ƙofar coci, ga abin da ya faru da wata maginiyar tukwane, sai su auna.

Sunanta Filomina. Duk ƙauyensu babu mai hannunta wajen gina randa, babu kuma mai riga ta shiga coci. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, tulun da ake kaɗawa ma ita ta gina shi. Tana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, mai suna Tasalla, wadda ke aure a wani ƙauye can hayin kogi, tafiyar sa'a biyu a ƙafa. Shekara uku ba su sa juna a ido ba. Ranar da aka binne mahaifiyarsu ne bakin Filomina ya suɓuce, ta ce a gaban jama'a wai Tasalla ba ta zo jinya ba, sai rabon kwanoni ne ya kawo ta. Tasalla ta yafa mayafinta ta kama hanya, ko ludayi ba ta ɗauka ba.

Filomina ta san ita ce da laifi, kuma ba ƙin ƙanwar take yi ba. Kullum in ta ɗauki carbinta sai ta sa sunanta a addu'a. Ranar kasuwa takan aika gaisuwa ta bakin masu sayar da daddawa. Sau ɗaya har sabuwar randa ta aika, randar ta dawo yadda ta tafi. Daga nan ta ce ita kam ta yi nata, saura na Allah.

Wata Lahadi cikin rani Fada, limamin cocin, ya zo ƙauyensu. Filomina ta ɗaura ankon zumunta, ta rungumo wani ƙaton farin zakara da ta ware don baikon godiya, saboda gashin tukwanenta na bana ko ɗaya bai tsage ba. Ta ɗaure masa ƙafa ta tura shi ƙarƙashin benci, tana ta ƙiyasta yadda za ta taka rawa da shi har gaban bagadi, kowa ya gani. Aka yi karatu na farko, aka rera zabura, aka miƙe don jin Bishara. Ranar kuwa sai aka karanta wurin da Yesu ke cewa, wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi a zuci, ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna, sannan ya dawo ya miƙa. Filomina ta sha jin wannan karatu, har waƙa ta taɓa yi da shi. Amma yau ga zakara yana mutsu-mutsu a kan ƙafarta, sai ta ji kamar da sunanta aka kira. Jama'a suka zauna jin wa'azi, ita ta kasa zama. Ta taɓa maƙwabciyarta ta ce ta riƙe mata zakaran, ta fice.

Tana tafe rana na dukanta tana shirya maganar da za ta faɗa, in ta ɗaura wannan ta kwance ta ɗaura waccan. Sau biyu ta tsaya kamar za ta juya, don tsoron kada a rufe mata ƙofa a gaban dangin mijin ƙanwarta. Da ta iso kogi ta tarar ya ƙafe, sai yashi da 'yan ramukan da mata ke tona ruwa. Ta kai tsakiya ke nan ta hango wata mata tana gangarowa daga ɗaya gaɓar, da anko irin nata, riƙe da takalmi a hannu. Tun daga tafiyar ta gane ta. Duk maganar da ta shirya ta gudu.

Tasalla ce ta fara buɗe baki. "Yaya, ina zuwa da ranar nan?"

"Wurinki. Wani karatu aka yi mana yau, ya hana ni zama."

"Na mai baiko da ɗan'uwansa? Mu ma shi katikis, malamin cocinmu, ya karanta mana. Randarki da na mayar ce ta tsaya mini a wuya."

Ai sai dariya ta kama su, don sun manta karatun da ake yi a wannan coci shi ake yi a wancan. Suka zube a kan yashi mai zafi, suna dariya suna share hawaye. Filomina ta kama hannun ƙanwarta ta nemi gafara da baki, ba ta bakin 'yan aike ba. A nan ta ji abin da ba ta taɓa tambaya ba: lokacin jinyar nan Tasalla na kwance da laulayin ciki, ko ruwa ba ya zama mata.

Aka ɗan yi gardamar gidan wa za a nufa, Filomina ta ce ita ce mai laifi, ita za ta ƙarasa tafiyar. A ƙofar gidan Tasalla wata 'yar yarinya ta rugo ta ƙanƙame uwarta, tana leƙen baƙuwa ta bayan zane. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Filomina ta ɗauke ta ta goya, ba ta sauke ba har aka tuƙa tuwo. Tun daga ranar, wata ba ya ƙarewa ba a ga ɗayarsu ta ƙetare kogin nan ba, in da ruwa ta naɗe zane ta shiga.

Addu'a tana da kyau, gaisuwar aike ma ba laifi. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: zumunta a ƙafa take.