Ƙofar Jirgin Kafilin Baba

Ina da shekara takwas Baba ya tafi da ni garejin da yake aiki a unguwar Sulay, a ƙasar Larabawan da muke zaune. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, ya haɗa wani ɗan jirgin sama mai kujera biyu, amma iska na shiga ta gefen ƙofar, aka sa Baba ya liƙa roba ya toshe.

Da ya gama ya ce, "Shiga, Mamana. Zan kunna fanka, ki nuna mini inda iska ke bi."

Ya rufe. Ba iska ko kaɗan, sai warin gam da zafin azahar. Da ya ja ƙofar ta ƙi buɗuwa, ashe gam ɗin ya kama ta. Na fara tari ina dukan gilashi.

Wani abokin aikinsa ya riƙe shi. "Kada ka fasa, Malam! Zamanka a ƙasar nan yana hannun mutumin nan."

Baba ya fizge, ya ɗauki sufana. "Rufe idonki, Mamana."

Ya fasa gilashin, ya fito da ni. Da ya ga numfashina ya dawo, ya zauna a ƙasa ya kira kafilin da kansa. Ya gaya masa shi ne ya fasa gilashin.