Bayan Akori-kurar Mai Albasa

Tunda ka ce gobe za ka shiga kasuwa ka zaɓo kayan walda don gyaran motarka a gida, zauna in ba ka misalin wani manomin albasa, ka tafi da shi a aljihu.

Mutum ne mai son sanin yadda kowane abu yake aiki, irin mutanen nan da in ka ba su aron rediyo sai sun kwance bayanta sun leƙa. Yana da tsohuwar akori-kura da yake kai albasarsa kasuwa da ita, tsatsa ta cinye ƙarafan bayanta, wurin da ake ɗora kaya. Sai ya ce shi da hannunsa zai sake ƙera bayan nan a tsakar gidansa, don ya daɗe yana tsayawa bakin shagon masu walda yana kallo, har ya ga kamar ya iya. Da ya je kasuwa aka jera masa injinan walda, manya da ƙanana. Mai shago ya tambaye shi kaurin ƙarfen da zai haɗa, ya amsa sama-sama, don idonsa na can kan wani injin gurza ƙarfe da ake gwadawa a gefe. Faifai na juyawa, tartsatsi na tashi, ƙarfe mai kaushi yana komawa sumul a gaban idonsa. Abin ya tafi da imaninsa. Ba abin da bai tambaya ba a kan injin nan: yaya ake riƙe shi, wane faifai ne na yanka, wanne ne na gurza, me ya sa wani tartsatsin ja ne wani fari. Ƙarfin aljihunsa ba zai ɗauki manyan injina biyu ba, sai ya rungumi babban injin gurza, ya haɗa da wani ɗan ƙaramin injin walda da aka yi don siraran ƙarafa irin na kejin kaji. A kan wannan ɗan injin ko tambaya ɗaya bai yi ba.

A gida aiki ya kankama. Ƙarafan da ya yanko masu kauri ne, ɗan injin kuwa ba shi da zafin da zai narkar da su. Sandar walda ce kaɗai take narkewa, tana zuba a saman mahaɗar guda-guda kamar kashin kaji. Ya ɗaga gilashin fuska ya duba, abin ba kyan gani. Sai ya jawo injin gurza ya bi ta kai, ya gurje, ya sake gurjewa, har tudun ya kwanta, mahaɗar ta ɓace, ko da yatsa ka shafa ba za ka ji inda ƙarfe ya sadu da ƙarfe ba. Haka ya bi kowace kusurwa, yana jin daɗin ƙarar injin, ya kawo shuɗin fenti ya mulka. Maƙwabta suka zo suna shafawa, wani ya ce, "Malam, ai ko kamfani sai haka." Ni abin da yake ba ni haushi da shi ke nan. Duk son bincikensa, bai taɓa haɗa guntayen ƙarfe biyu a gefe ya sa guduma ya doke su, ya ga ko sun kama ba. Santsin ya riga ya rufe masa baki.

Da albasa ta yi, ya loda noman shekararsa gaba ɗaya, wanda da shi iyalinsa za su ci har wata shekara, ya kama hanyar kasuwa. Tsakanin fadamarsu da titi akwai rafin da motoci ke ratsawa. Akori-kura ta gangara, ta shiga ruwa, tayar baya ta faɗa wani rami, kayan suka jijjiga gefe ɗaya. Sai aka ji ƙas! Kusurwa ɗaya ta buɗe, ta ja 'yar'uwarta, shuɗin bayan nan ya wargaje, buhuna suka riƙa sulalewa cikin ruwa. Albasa kuwa in ta sha ruwa a buhu, ba ta da makoma sai ruɓa. Mutanen da ke bakin rafi suka shiga tsamo abin da za su iya. Shi kuma, hawaye na zuba, ya tsuguna a cikin ruwan ya ɗago ƙarfen da ya ɓalle, don ko a wannan hali sai ya san dalili. Ya tarar da bakin kowane ƙarfe lafiya lau, kamar ranar da ya yanke shi. Ba su taɓa narkewa sun shiga juna ba. Ɗan abin da yake riƙe da su shi ne mummunan tudun da ke sama, shi kuwa da hannunsa ya gurje shi. Na tausaya masa ƙwarai, don ba rago ba ne, tambayarsa ce ta tsaya a inda ido ya ji daɗi.

Saboda haka in ka je gobe, ka fara neman injin da zai narkar da kaurin ƙarfenka har ciki, na gurza ya biyo baya. A tsakar gida, faifai da fenti suna iya rufa wa kowace walda asiri. Amma mota ba a tsakar gida take kwana kullum ba, wata rana sai ta ɗauki kaya ta shiga rafi. Hausawa kuwa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.