Motar Marigayi

Ranar da aka sauke sabon injin a garejinsa, Bagyo sai da ya zagaya akwatin yana taka rawa kafin ya bari a buɗe. Silinda takwas ne, sai sheƙi yake. Ya rungume shi, ya ɓata sabuwar rigarsa da maiko, bai ko damu ba.

Motar da za a saka wa injin tsohuwar Chevrolet ce ƙirar shekarar hamsin da ɗaya, wadda mahaifinsu ya yi haya da ita tsakanin garuruwan Yogya da Solo har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa, Bagyo da yayarsa Tatik suka gyara ta da hannunsu, ta dawo yadda take a da: baƙa wuluk, mai nauyi, mai tafiyar hawainiya. Da ya fara zancen canza mata inji, Tatik ta daina amsa gaisuwarsa. Sai kuma wata safiya ga ta da soyayyen tempe, wani irin ƙosan waken soya, a ganyen ayaba, ta zauna kan wata taya tana murmushi.

"Na haƙura, ƙanena," in ji ta. "Amma in za ka yi, ka yi sosai. Kada ka ba mu kunya da rabin aiki."

Abin da yake jira ke nan. Tsohon inji ya fita, sabo ya shiga. Tsohuwar giya ta kasa ɗaukar ƙarfinsa, aka kawo mai shida. Birki ya bi baya, sai sitiyari, sai kujeru, sai tayoyin baya masu faɗin turmi. Kowane sabon ƙarfe ya iso, Bagyo ya kira abokansa a dafa shayi a yi ta shewa.

Tsofaffin kayan ba su taɓa tare masa wuri ba. Wani dattijo ɗan gwangwan, Pak Ngadiman, kan iso da akori-kurarsa tun kafin ƙarfen ya huce. Ba ya ciniki. Yakan shimfiɗa bargo ya kwantar da kowane abu a hankali, har notuna yake tsincewa cikin gwangwani.

"Pak, ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba," Bagyo kan ce yana dariya.

"Haka na saba," in ji dattijon.

A gwajin farko, da ya taka totur, ƙashin motar ya yi wata ƙara kamar ƙofa za ta ɓalle. Tatik, wadda yanzu kusan kullum tana garejin, ta leƙa ƙasa ta girgiza kai. Wannan inji, in ji ta, sabon shasi yake so. Aka ƙera sabo. Sai ya fi tsohon faɗi, bodi ya ƙi zama a kansa.

A nan ne Bagyo ya ɗan tsaya. Ya shafa ƙofar da hannun mahaifinsa ya sha kamawa.

"Dubi rufin nan," Tatik ta ce a hankali. "Kamar hular liman. Da maƙera za su buga maka na alminiyam, mai gajeren rufi, wa zai kama ka a garin nan?"

Kafin ta rufe baki ya ɗauko waya. Aka buga sabon bodi, aka yi masa jan fenti da harsunan wuta tun daga hanci har ƙofa. Pak Ngadiman ya zo da barguna huɗu.

Ranar bajekolin motoci Bagyo ya kasa cin abinci don murna. Ya tayar da injin, gilasan rumfuna suka yi rawa, jama'a suka yanyame shi da wayoyi. Da aka miƙa masa lasifika ya buga ƙirji ya ce motar mahaifinsa ce, kuma yau mahaifiyarsa za ta sake zama a gabanta. Ya je ya riƙo hannun tsohuwar, ya taho da ita ana tafi.

Ta dubi jan fentin, ta dubi tayoyin, ta gyara tabarau.

"Kai, ta yi kyau, ɗana," ta ce. "Ta wane ne?"

Bagyo ya buɗe baki zai amsa, sai tsohuwar ta saki hannunsa, ta juya wajen ƙofar fili, fuskarta ta washe kamar ta yarinya.

Wata baƙar mota ce ke shigowa a hankali, tana tari irin wanda Bagyo ya tashi yana ji tun yana goye. Pak Ngadiman na zaune a baya cikin rigar batik ta zuwa biki, Tatik kuwa na riƙe da sitiyari. Ta tsaya daidai gabansu, ta miƙa hannu ta buɗe wa mahaifiyarsu ƙofa, ta ce, "Sannu da aiki, ƙanena. Ko noti ɗaya na motar Baba ba ka manta ka aiko mini ba."